Idan Kamfanin Jita Ya Canza Hannu

A hunturun bara ɗan maƙwabcina, wanda ke karatu a kwalejin ilimi da ke nan Gyallesu a Zariya, ya yi mini sallama da yamma rungume da jita a cikin jakarta, ransa a ɓace. Kuɗin da ya yi wata da watanni yana tarawa ya zuba a kanta. Gwanjo ce, daga Legas aka sako masa ita a mota, a kanta kuma akwai sunan wani kamfani da makaɗa ke ganin girmansa. Da ta iso cikin damina lafiyarta ƙalau. Iska na juyawa sai wuyanta ya soma lanƙwasa, tsirkiyoyi suka ɗaga sama har sai ya danna da ƙarfi kafin su yi magana, ƙananan ƙarafan nan da ake jerawa a wuya kuma suka fito da baki ta gefe suna kartar masa hannu. Ya buɗe mini tafinsa na gani. "Kawu," in ji shi, "ai sunan babba ne. Ko dai jabu aka sayar mini?"

Muka kai ta wurin wani dattijon kafinta a Tudun Wada. Bai taɓa kaɗa jita ba, amma ya fi shekara arba'in yana mu'amala da katako. Ya kwance sukurori huɗu, ya zare wuyan, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa yana saurare. Can ya ce, "Yaro, itacen nan da sauran ruwa a jikinsa aka sassaƙa shi. Ba a bar shi ya sha iska ba." Ya kuma nuna mana ramin da wuya ke zama a ciki, ya yi masa yawa, har an cusa guntun kwali an cike giɓin. Yaron ya duba lambar jitar a wayarsa, ta fito daidai, ta kamfanin ce. Abin da ya ƙara ganowa shi ne kamfanin ya canza masu shi tun da daɗewa, kuma garin da aka yi sunan ba can ake ƙera ta ba yanzu.

Mu nan ba baƙin wannan zance ba ne, ko da yake jita ba ta cika yawa a gidajenmu ba. Duk dattijon da ya hau keken Rali a da zai gaya maka na yanzu suna kawai suka tara. Yana da hujja: masana'antar Raleigh ta Nottingham a Ingila ta daina ƙera keke a 2002, a 2012 kuma wani kamfanin Holan ya saye sunan. Teloli ma haka suke faɗa a kan keken ɗinki. To amma a harkar jita ne aka fi bin diddigin abin shekara da shekara, har farashi a kasuwa yana bin ranar da aka sa hannu a takardar ciniki. Shi ya sa ta dace da mai son ya fahimci abin da ke faruwa da kaya idan mai shi ya sayar da kamfani.

Ingancin jita a wurare kaɗan yake zaune, kuma yawancinsu ido ba ya ganin su a shago. Akwai bushewar katako, wanda ke cin lokaci, lokaci kuwa kuɗi ne da aka jibge a sito ba sa juyawa. Akwai haɗin wuya da jiki, wanda in ya yi sako-sako da kaurin takarda ma sauti ya ragu. Akwai ƙarafan wuya, da sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da zarto an daidaita tsayinsu an kashe kaifinsu. A jitar lantarki akwai maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, wanda ake naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Sai na ƙarshe, wanda a ganina ya fi duka: mutumin da ke bakin ƙofa, mai ikon ya ɗauki jita ya gwada, ya ce wannan ba za ta fita ba, a mayar.

Labarin da kowa ke fara kawowa na Fender ne. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, kuma har ya bar duniya a 1991 bai iya kaɗa jita ba. Abin da ya iya shi ne sauraron koken makaɗa da kuma tsara abu yadda zai yi sauƙin gyara. Ya yi jita wadda ake kwancewa a ɗaura kamar keke, wuya daban, jiki daban, sukurori huɗu su haɗa su. A farkon shekarun 1950 ya fito da Telecaster, a 1954 ya fito da Stratocaster. Masana'antar ƙarama ce a lokacin, ma'aikata sun san juna, kuma in ka kwance wuyan jitar wancan zamani za ka tarar an rubuta wata da shekara da fensir a gindinsa, wani lokaci har da haruffan sunan wanda ya sassaƙa. A watan Janairun 1965, rashin lafiya ta dame shi, ya sayar wa CBS, babban kamfanin rediyo da talabijin na New York, a kan dala miliyan 13.

CBS ta sayi kamfanin ne a daidai lokacin da samarin Amurka da Turai suka haukace da son jita, bayan fitowar ƙungiyoyi irin su Beatles. Oda ta fi ƙarfin masana'anta. Aka gina sabuwa babba a gefen tsohuwar, aka ɗebi sababbin ma'aikata, aka ɗora manajoji waɗanda lissafinsu guda nawa aka fitar a wata. Canje-canjen ba rana ɗaya suka zo ba. A ƙarshen 1965 aka faɗaɗa kan Stratocaster, daga baya sunan kamfani ya ƙara girma a kansa. Wajen 1968 aka koma wani fenti mai kauri kamar roba, mai saurin gamawa, mai rufe aibin katako. A 1971 sukurorin wuya suka koma uku. Cikin shekarun 1970 jikin jitar ya yi nauyi, sassaƙar da ake yi mata don ta kwanta a haƙarƙarin makaɗi ta ragu, ramin wuya kuma yakan fito da faɗi, har wasu in ka girgiza su wuyan ya gusa. Tun daga nan 'yan kasuwa suka raba kayan Fender gida biyu, na kafin CBS da na bayanta, kuma har gobe na kafin CBS sun ninka na baya tsada sau da yawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne na Forrest White, mutumin da ke kula da masana'antar tun zamanin Leo. Sababbin masu kamfani sun matsa a fito da amfilifaya masu turanzista a maimakon masu kwalaben gilashi irin na tsohuwar rediyo. White ya ga ba su kai a sa musu sunan Fender ba, ya ƙi amincewa, aka fi ƙarfinsa, ya ajiye aiki. Aka fitar da su kasuwa, suka yi ta lalacewa, cikin 'yan shekaru aka daina yin su. Don Randall, wanda ya gina ɓangaren ciniki, ya tafi a 1969, George Fullerton, abokin aikin Leo, ya bi bayansa a 1970. Injuna suna nan, zanen jita yana nan, suna yana nan. Waɗanda za su iya cewa a'a a saurare su ne suka watse.

Sai dai in aka tsaya nan an yi wa gaskiya rabin aski. Dabarar sukurori uku da ake zagi, Leo ne da kansa ya ƙirƙiro ta lokacin da yake ba CBS shawara, kuma ya ci gaba da amfani da ita a kamfanonin da ya yi aiki da su daga baya, Music Man da G&L, ba a yi kuka da ita ba. Laifin na aikin gaggawa ne da ramin da ba a yanka daidai ba. Farar Stratocaster da Jimi Hendrix ya kaɗa a taron Woodstock a 1969, wadda duniya ba ta manta sautinta ba, ƙirar zamanin CBS ce. Akwai kuma wata mata, Abigail Ybarra, da ta shiga Fender a 1956, ta yi ta naɗa wayar maganaɗisu a ƙarƙashin Leo, da CBS, da waɗanda suka zo bayan CBS, ba ta yi ritaya ba sai 2013. Hannu ɗaya ne a duk zamunan. Bambancin shi ne lokacin da ake ba ta da irin kayan da ake ajiye mata a tebur.

Gibson ta fi ma rikitar da mai saurin yanke hukunci. Kamfanin ya kafu a Kalamazoo ta jihar Michigan a 1902. A 1944 wani kamfanin dillancin kayan kiɗa na Chicago, CMI, ya saye shi, kuma bayan wannan cinikin ne Gibson ta yi zamaninta mafi kyau. Masu shi sun ɗora Ted McCarty shugaba a 1950, suka sakar masa mara. A hannunsa aka fito da Les Paul a 1952, kuma irinta samfurin Standard da aka ƙera tsakanin 1958 da 1960, da ba su kai dubu biyu ba, yau ana sayar da guda ɗaya a kan ɗaruruwan dubban daloli. Ke nan an sayar da kamfani inganci ya ƙaru, domin mai sayen ɗan harkar ne, ya san abin da ya saya.

Ciniki na biyu shi ne ya zo da ciwo. A 1969 wani kamfani mai suna ECL, wanda dukiyarsa ta giya ce da siminti a ƙasar Ekwado, ya haɗiye CMI, aka raɗa wa sabon kamfanin suna Norlin. A zamaninsa aka riƙa yin jikin Les Paul da fallayen katako da aka manne kamar an jera waina, a maimakon gunduma guda. Wuya ya koma guntaye uku. A jitar da ba ta lantarki ba kuwa, aka ƙara sandunan da ke tokare da fuskarta daga ciki. Dalilin a fili yake: fuska mai kauri da tokara da yawa ba ta tsagewa, ba a dawo da ita kamfani a nemi gyara kyauta. Amma fuskar jita kamar fatar kalangu take, rawar da take yi ita ce sautin. Ka ɗaure ta tamau ta daɗe, muryarta kuma ta shaƙe. Wanda ya yanke wannan shawara littafin asara yake dubawa, kuma a littafin ya yi daidai.

Sannan aka taɓa mutane. Norlin ta buɗe masana'anta a Nashville a tsakiyar shekarun 1970, ta riƙa kwashe aiki can, a 1984 ta rufe ta Kalamazoo. Wasu tsofaffin ma'aikata suka ce ba za su bar garinsu ba. A 1985 suka kafa nasu kamfanin, Heritage, a cikin tsohon ginin, da wasu tsofaffin injunan. Sai aka wayi gari sunan yana wani gari, hannuwan da suka yi sunan suna wani. Irin wannan ta sami Gretsch: kamfanin fiyano na Baldwin ya saye ta a 1967, ya ɗauke aikin daga Brooklyn zuwa wani ƙaramin gari a Arkansas, ƙwararru da yawa ba su bi ba, gobara ta ci masana'antar a 1973, abin bai sake miƙewa ba sai da ɗan gidan, Fred Gretsch, ya fanso sunan kakanninsa a tsakiyar shekarun 1980.

Wanda ya farkar da Amurkawa daga barci Japan ce. A shekarun 1970 masana'antun can, masu yi wa Ibanez da Greco da Tokai aiki, suka sayi tsofaffin jitocin Amurka suka kwance su, suka auna komai, suka riƙa yin kwafi da ya fi sabon na asali kyau, a farashi mai sauƙi. Har Norlin ta kai ƙara kotu a 1977 a kan siffar kan jita. CBS ta ga ba sarki sai Allah, a 1981 ta ɗauko Bill Schultz da Dan Smith daga Yamaha. Abin da suka fara yi shi ne rage yawan abin da ake fitarwa ƙwarai don a gyara aiki, a 1982 kuma suka ƙulla yarjejeniya aka soma ƙera Fender a Japan, a masana'antar da a da take kwaikwayonta. A 1985 CBS ta gaji, Schultz da abokansa suka saye kamfanin a kan dala miliyan 12 da rabi, ƙasa da abin da aka biya Leo shekara ashirin baya, kuma ba tare da ginin Fullerton ba. Suka fara daga ƙasa a garin Corona, jita kaɗan a rana. Yawancin makaɗa sun yarda cewa daga nan ne sunan ya farfaɗo.

Gibson ma a 1986 wasu mutum uku, Henry Juszkiewicz a gaba, suka saye ta a kan dala miliyan 5 tana dab da mutuwa, suka tashe ta. Shi wannan mutumin da ya cece ta, shi ne daga baya ya ci bashi ya shiga sayen kamfanonin kayan sauti, har da wani ɓangare na Philips a 2014. A 2015 ya ɗora wa yawancin jitocin wata na'ura mai ɗaure tsirkiya da kanta wadda makaɗa ba su nema ba, ya kuma ƙara kuɗi. A watan Mayun 2018 kamfanin ya je kotu ya bayyana cewa bashi ya fi ƙarfinsa. Mai shi bai canza ba a tsawon shekara talatin da biyun nan. Inda hankalinsa yake ne ya canza.

Akwai kuma Martin, wadda tun 1833 take hannun zuri'a ɗaya, ba a taɓa sayar da ita ba. Duk da haka masu kiɗa suna gunaguni a kan kayanta na shekarun 1970. A 1969 ta bar wani jan katako mai daraja na Brazil ta koma na Indiya saboda wancan ya yi wuyar samu. A 1971 ta ƙera sama da 22,000 a shekara guda, abin da ba ta saba ba, a 1977 kuma ma'aikata suka yi dogon yajin aiki. Wato wani kaso na laifin da ake jibga wa CBS da Norlin na zamanin ne: kasuwa ta buɗe baki, tsohon itace ya ƙare, kowa yana sauri. Kada kuma a manta cewa tsofaffin jitocin da ake yabo su ne waɗanda suka tsira. Marasa kyan cikinsu an daɗe da jefar da su. Dillalan tsohon kaya kuwa suna da riba a cikin wannan kirari na "da tsohuwar zuma ake magani", don haka ba sa gajiya da maimaita shi.

Da na tara waɗannan labarai, ga abin da na gani. Mai sayen kamfani yakan biya kuɗi mai yawa, sau da yawa na bashi, kuma dole ya fitar da su daga wani wuri. Ƙara farashi yana da iyaka. Saura wuraren da mai saye ba ya gani a ranar ciniki: watannin bushewar katako, mintunan da ake ba mai goge ƙarafa, albashin tsohon ma'aikaci da za a iya maye gurbinsa da sababbi biyu. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne, babu wanda za a ce shi ya kashe jita. Sunan kuma yana ci gaba da jawo ciniki shekaru bayan aikin ya ragu, don haka a farko littafi riba kawai yake nunawa. Kafin kuka ya iso ofis, waɗanda suka san yadda ake yi a da sun tafi. Wannan ya fi komai ba ni takaici, domin katako ana iya sake saye, amma abin da ke cikin yatsun mutumin da ya yi shekara talatin yana sassaƙa wuya ba a rubuce yake ba.

A nan ne kayan kiɗanmu suke da wata kariya da ban taɓa lura da ita ba sai yanzu. Kukumar marigayi Hassan Wayam, da ya yi zamansa a nan Zariya, ko gurmin Haruna Uji, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos da gwangwani ne da fata da tsirkiya guda, babu wani suna da aka buga a jikinsu wanda attajiri zai saya ya kai wata ƙasa. Kukuma dai ƙwarya ce, da fatar guza, da izgar doki, da jakin da ke ɗauke da tsirkiya, kuma in makaɗi bai haɗa da kansa ba ya san ƙofar gidan wanda ya haɗa. In ta yi kuka ba daidai ba gobe zai koma masa. Rauninsu ta wani gefen yake: in mai haɗawa ya rasu ba magaji, shi ke nan an rufe. A situdiyoyin waƙa na Kano da Kaduna da Zariya kuwa tuni fiyanon Yamaha ya cinye wa waɗannan kayan kiɗa wuri.

Makaɗan jita na Nijar su ma suna da abin da za su koya wa ɗan maƙwabcina. Mdou Moctar, wanda yanzu yake zagaya duniya da Stratocaster ta bahago, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Kundin waƙoƙinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, ya bazu a Sahara ta wayoyin hannu. A bukukuwan Agadas jita tana shan ƙura da rana da janareta mai rawar wuta, kuma makaɗan can da kunne da yatsa suke zaɓe, suna gyara abin da ya samu.

Mu kuwa yanayinmu alƙali ne mai tsanani. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A Zariya cikin hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ya haura sama sosai. Ko jita mai kyau tana jin wannan a jikinta, sai an adana ta a jaka, nesa da taga. Amma wadda aka yi da katakon da bai gama bushewa ba, hunturu ɗaya ya isa ya tona mata asiri. Saboda haka wanda zai saya a Sabon Gari, ko a Kano, ko ya aika Legas, ya guji cinikin biri a sama. Ya ɗora idonsa a kan jitar ya hango tsawon wuya kamar mai duba miƙewar sanda. Ya shafa gefen ƙarafa da yatsa. Ya gwada cusa takarda tsakanin wuya da jiki. In ta lantarki ce ya kaɗa ta ba tare da amfilifaya ba, ya ji ko katakon yana amsawa a cikinsa. Ya tambayi ƙasar da aka ƙera ta da shekarar, domin suna ɗaya yana iya fitowa daga Amurka, ko Meziko, ko Japan, ko Indonesiya, ko Sin, kuma akwai masu kyau da marasa kyau daga kowacce. In da hali ya saya cikin hunturu, lokacin da duk abin da zai motsa ya riga ya motsa.

Dattijon kafinta ya riƙe jitar kwana uku. Ya cire kwalin, ya fere siririn katakon maɗaci ya zauna daram a ramin, ya bi bakin ƙarafan da ƙaramin zarto har suka daina kamun hannu. Ƙarfen da ke cikin wuya kuma wani makaɗin coci a Sabon Gari ya nuna wa yaron yadda ake juya shi kaɗan-kaɗan. Da muka je karɓa dattijo ya miƙa masa, ya ce, "Ka sa ɗan tsumma mai laima a cikin jakar, kada ya taɓa jikinta. In ruwa ya sauka ka dawo mini da ita in ga inda ta tsaya."